Idan abokin yaƙi ya naɗe tabarmarsa

Tambaya: Baba, barka da hutawa. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, amma iyayena suna can wajen Tangaza. Gardama ta kaure a majalisarmu ta Mabera a kan ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Wani abokina ya ce cin amana ne tsagwaronsa, irin abin da Abdullahi bn Ubayyu ya yi ranar Uhudu. Tunda ka yi aikin soja a ƙasashen waje, ka raba mana gardama: ƙasa tana da ikon kwashe sojojinta ana tsakiyar yaƙi? Me ke kawo haka, kuma mu nan me zai same mu?

Amsa: Ɗana, barka kadai, Allah ya tsare su Malam da ke can gida. Tana da iko, kuma babu kotun da za a kai ta. Ka fara cire wa kanka tunanin cewa rundunar ƙawance runduna ɗaya ce. A takarda ɗaya ce, da kwamanda ɗaya da hedikwata ɗaya da tambari ɗaya. Amma kowane soja tutar ƙasarsa ce ɗinke a kafaɗarsa, daga baitulmalin ƙasarsa ake biyan shi albashi, in kuma ta Allah ta kasance, a filin jirgin ƙasarsa za a sauke gawarsa. Wanda zai tsaya gaban uwar yaron nan ya yi bayani shi ke da ikon cewa a zauna ko a dawo, ba kwamandan ƙawance ba.

Na ga wannan da idona lokacin da nake jami'in kayan aiki a rundunar ECOMOG, wato dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOWAS, a Saliyo. Kwamandan kowace ƙasa kamar mai waya biyu ne: ɗaya tana haɗa shi da kwamandan runduna, ɗaya da babban birnin ƙasarsa. A taron safe za a shimfiɗa taswira a ce bataliya kaza ta matsa ta kama gada kaza kafin azahar. Sai mutumin ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya sara, ya ce zai tuntuɓi gida. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, bataliya tana nan inda take. Ba tsoro ba ne, kuma ba raini ba ne. Gwamnatinsa ce ta gindaya masa sharuɗɗa tun kafin ya taso: kada ka yi faɗan dare, kada ka wuce kogi kaza, kada ka kai hari sai an kawo maka. Sojojin Turai har suna da suna ga babban jami'in da ke riƙe da wannan iko, suna cewa shi ne mai jan kati, kamar alƙalin wasa. To janyewa gaba ɗaya jan katin ƙarshe ne kawai. Tun ranar farko yana cikin aljihu.

Ko ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda ta fi kowace ɗaure mambobinta, sashe na 5 na yarjejeniyarta cewa ya yi in an taɓa ɗaya an taɓa duka, amma ya bar wa kowace ƙasa ta ɗauki matakin da ita ta ga ya dace. Sau ɗaya tak aka taɓa amfani da sashen, bayan harin 11 ga Satumba 2001. Ƙawancen da Amurka ta haɗa don mamaye Iraƙi a 2003 kuwa ko irin wannan igiyar babu, gayya ce kurum. Ka san gayya: mai gona ya yi kira, an dafa tuwo, makaɗa sun zo, kowa ya saɓo hauyarsa. Wani ya zo don zumunci, wani don mai gonar yana bin sa bashi, wani don yana neman ɗiyar gidan. In ana cikin noma aka aiko wa mutum cewa shanu sun faɗa gonarsa, zai aje kunyar da yake kai ya tafi, kuma babu mai hankalin da zai riƙe masa riga. Sai dai mai gona zai tuna.

Iraƙi ita ce makarantar wannan darasi, don haka bari in daɗe a kanta kaɗan. Ranar 11 ga Maris 2004 bama-bamai suka tashi a jiragen ƙasa na birnin Madrid, sama da mutum 190 suka mutu. Kwana uku bayan haka aka yi zaɓe, jam'iyyar Firaminista Aznar, wanda ya kai Sifaniya cikin yaƙin alhali mafi yawan jama'arsa ba sa so, ta sha kaye. Zapatero da ya ci, tun a yaƙin neman zaɓe ya yi alkawarin dawo da sojoji, kuma ranar 18 ga Afrilu ya ba da umarni. Kafin ƙarshen Mayu sojoji kusan 1,300 sun koma gida. A Amurka wasu suka ce Sifaniya ta durƙusa wa 'yan ta'adda. Mutanen Sifaniya suka ce a'a, mun cire gwamnatin da ta kai mu yaƙin da ba mu aike ta ba. Lura da abin da ya biyo baya, don nan ne sirrin yake: Honduras da Jamhuriyar Dominika, waɗanda sojojinsu ke ƙarƙashin birged ɗin da Sifaniya ke jagoranta, nan take suka ce su ma sun tashi. Ƙananan ƙasashe da yawa a ƙarƙashin inuwar wata suke zaune. Ita ke ba su mota da asibiti da mai fassara, wani lokaci har abinci. In ta tashi, ko suna son zama ba su da abin zama.

Filifin tata ta fi ban mamaki. Mutum 51 kacal take da su a Iraƙi. A Yuli 2004 aka sace wani direban babbar mota ɗan ƙasar, aka ce ko a janye ko a yanka shi. Shugaba Gloria Arroyo ta janye su wata guda kafin wa'adi, aka sako direban. Amurka da Ostireliya suka yi tir. Amma ƙasar da ke da miliyoyin 'ya'yanta suna ƙwadago a waje, da yawa a ƙasashen Larabawa, kuma kuɗin da suke aikowa ke riƙe da gidaje, ba za ta iya barin a yanka ɗaya daga cikinsu a gaban kyamara saboda sojoji 51 ba. Direban nan ɗan kowane gida ne.

Jojiya kuma tana da sojoji kusan 2,000, ita ce ta uku a yawa bayan Amurka da Birtaniya, saboda tana zawarcin shiga NATO. A Agusta 2008 yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Rasha, cikin 'yan kwanaki jiragen Amurka da kansu suka yi jigilar sojojin zuwa gida. Shanu sun faɗa gona ke nan. Kada kuma ka ɗauka mu ba mu taɓa yi ba: a 2013 Najeriya ta kwaso wani sashe na sojojinta daga Mali don fuskantar Boko Haram a Borno da Yobe da Adamawa, bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a watan Mayu. Mutanen Mali ba su ji daɗi ba, mu kuwa muka ce so duka so ne, amma son kai ya fi.

Sauran sun zare jiki sannu a hankali. Holan ta bar Iraƙi a 2005, Japan ta kwashe sojojinta na ƙasa daga Samawa a 2006, Italiya ta kammala ficewa a ƙarshen wannan shekarar bayan sauyin gwamnati, Polan a 2008, Birtaniya ta daina faɗa a 2009 bayan ta rasa sojoji 179, sai Amurka ita kaɗai har Disamba 2011. A Afganistan ma an ga irin haka: a Fabrairu 2010 gwamnatin Holan ta wargaje ɗungum a kan gardamar ko a tsawaita zaman sojojinta a lardin Uruzgan. In ka tattara su duka za ka ga abu ɗaya ke maimaituwa: ƙasa tana shiga ƙawance da wani dalili nata na kanta, wanda sau da yawa ba shi ne dalilin da aka faɗa a rediyo ba, kuma tana fita ranar da abin da take biya a gida, gawa ko kuɗi ko kujerar mulki, ya fi abin da ta zo nema.

Yanzu ga maganar abokinka. Ka ce masa ya ɗauko misali mai nauyi, amma ya ɗora shi a inda bai zauna ba. A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, mutum kusan 1,000 suka fito daga Madina, Ibn Ubayyu ya juya da kusan 300 a kan hanya, aka bar 700. Shi ɗan gari ne, garinsa aka zo ci, ƙarƙashin shugaba ɗaya yake, kuma ya juya ne ana dab da haɗuwa da abokan gaba. A dokar soja ta yau ma wannan gudu ne daga fagen daga, kotun soja ke jiran mai yin sa. Ƙasa mai cin gashin kanta da ta sanar ta janye ba ta cikin wannan babi. In ana neman misalin ƙawance a tarihin Musulunci, a duba ɗaya ɓangaren, a yaƙin Ahzab, shekara ta 5. Ƙuraishawa da Gaɗafan da wasu ƙabilu, kusan mutum 10,000, kowace da shugabanta da buƙatarta. Ƙuraishawa sun zo da gaba, Gaɗafan sun zo da kwaɗayi. Har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shawarar a ba Gaɗafan sulusin dabinon Madina su koma, sai Sa'adu bn Mu'azu da Sa'adu bn Ubada suka ce ba su ba da shi a jahiliyya ba balle yanzu, aka bar maganar. Sannan Nu'aimu bn Mas'udu ya shiga tsakanin ƙawayen ya shuka musu zargin juna, guzuri ya ƙare, dabbobi suka fara mutuwa, iska mai sanyi ta zo ta kife tukwane ta tumɓuke tantuna, Abu Sufyan ya hau raƙuminsa, taro ya watse. Duk wanda ya karanci dabarun yaƙi zai gaya maka har gobe haka ake karya ƙawance: ba a fara da babba, ana neman wanda dalilinsa ya fi rauni, a tsananta masa ko a saye shi. Masu bama-baman Madrid da masu sace direban Filifin sun san wannan sarai.

To me ake rasawa in aboki ya tafi? Wani lokaci kusan ba komai a fagen daga. Sojojin Sifaniya 1,300 a gefen na Amurka sama da 130,000 cikin cokali ne. Abin da Amurka ta rasa shi ne bakin cewa duniya ce ke yaƙin ba ita kaɗai ba. Tutoci take so, ba bindigogi ba. Wani lokaci kuma akasin haka ne. A farkon 2021 sojojin ƙawaye a Afganistan, kusan 7,000, sun fi na Amurka yawa, waɗanda suka ragu zuwa kusan 2,500. Amma da Shugaba Biden ya sanar da ficewa a watan Afrilu, babu wadda ta iya zama, domin jiragen yaƙi da jigilar kaya da kwashe masu rauni da bayanan sirri duk a hannun Amurka suke. Dirkar ɗaki ce, in an cire ta jinka ba ta tsayawa don yawan ciyawa. Ranar 15 ga Agusta Taliban ta shiga Kabul.

Mafi munin janyewa a zamaninmu a Afirka aka yi ta. Ranar 7 ga Afrilu 1994 aka kashe sojojin Beljiyam goma a Kigali, kuma waɗanda suka kashe su sun yi lissafi, domin sun ga yadda Amurka ta tattara ta bar Somaliya bayan an kashe mata sojoji 18 a Mogadishu a Oktoba 1993. Lissafin ya ci. Beljiyam ta janye, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya daga kusan 2,500 zuwa 270. A wata makarantar koyon sana'a a Kigali, mutum kusan 2,000 sun fake a bayan sojojin Beljiyam. Ranar 11 ga Afrilu sojojin suka shiga motoci suka tafi, kafin dare an karkashe mafi yawansu. A cikin kwana ɗari mutum kusan 800,000 suka hallaka a Ruwanda. Shi ya sa in ana maganar janyewa, ni ba na fara tambayar ko an yi daidai da aka tafi. Ina tambayar yaya aka tafi, an ba da wa'adi, wa aka miƙa wa wurin, kuma su wa suka dogara da su.

Wannan tambayar tana da tabo a zuciyata. Bayan Obasanjo ya hau mulki a 1999, ya ce Najeriya ba za ta ci gaba da ɗaukar nauyin ECOMOG ita kaɗai ba, kuma gaskiyarsa, biliyoyin daloli da ɗaruruwan rayuka sun tafi a Laberiya da Saliyo. Aka tsara janyewa kashi-kashi, wasu bataliyoyinmu kuma suka sa shuɗin kwano, suka koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ni aka ba aikin tattara kayan wani ƙaramin sansani a bakin wani ƙauye. An hana mu faɗin ranar tashi, don kada labari ya kai ga 'yan tawaye su yi mana kwanton ɓauna a hanya, kuma dokar tana da hujja. Amma ba a ɓoye wa ƙauye irin wannan. Matar da ke kawo mana rogo da kifi ta ga mun daina sayen itace na mako, muna sayen na kwana biyu. Yara suka ga an sauke eriyar rediyo. Ranar da muka ɗora janareta a mota, da magariba dattijon garin ya zo da ɗan akuya a igiya da goro a ganye, ya zauna a kan akwatin harsashi, bai roƙe mu mu zauna ba. Cewa ya yi ta bakin mai fassara, ku faɗa mini dare nawa ya rage, in san ko in bar mutane su girbe shinkafa. Na dube shi na ce ban sani ba, alhali takardar tana aljihun ƙirjina. Da asuba biyu bayan nan da muka tayar da motoci, rabin ƙauyen na tsaye a bakin hanya da ƙunshin kaya a ka, suna jiran su bi ƙurarmu. A farkon Mayu 2000, ECOMOG na gama fita, 'yan tawayen RUF suka kama sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500, sai da Birtaniya ta kawo ɗauki. Shekara ashirin bayan haka, a Janairu 2020, da na ji a rediyo cewa Chadi ta kwashe sojojinta 1,200 daga arewacin Borno kuma mutanen Gajiganna sun kama hanyar Maiduguri, dattijon nan na tuna. Talaka ya fi janar saurin karanta janyewa.

Nan za mu dawo gida, kuma a nan ne nake ganin ku duka biyu a majalisarku kun kauce wa wani abu. Sifaniya ta bar Iraƙi ta koma gida, yaƙin bai bi ta a ƙasa ba, akwai teku da dubban kilomitoci a tsakani. Maƙwabci ba shi da wannan gata. Nijar za ta iya barin teburin shawara, amma ba za ta iya barin yaƙin ba, domin Difa tana nan inda Allah ya aje ta, a bakin Komadugu, tana kallon Borno.

Rundunar da kuke magana a kai, wadda ake kira MNJTF, ta san wannan ciwo tun da daɗewa. Najeriya ce ta fara kafa ta a 1994, Chadi da Nijar suka shigo a 1998, hedikwatarta tana Baga. Kafin Janairu 2015 sojojin Chadi da na Nijar sun riga sun bar wurin, ranar 3 ga wata Boko Haram ta ci sansanin ta yi kisan da har yau ake tunawa. Bayan wannan ne aka sake gina rundunar, aka mayar da hedikwata Njamena, kwamanda ɗan Najeriya, aka raba fagen kashi huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Difa a Nijar. Ka lura, kowace ƙasa a cikin ƙasarta take yawancin faɗanta. Amfanin rundunar shi ne ɗinki: a kai farmaki lokaci ɗaya ta kowane ɓangare, a yi musayar bayanai, a yarda soja ya bi ɗan ta'adda ya tsallaka iyaka ba tare da an ce an keta haddin ƙasa ba. Chadi ta sha yin barazanar fita. Bayan an kashe mata sojoji kusan 100 a Bohoma a Maris 2020, marigayi Idriss Deby ya ce Chadi ita kaɗai ke ɗauke da kayan. A ƙarshen 2024 bayan an kashe kusan 40 a Barkaram, ɗansa Mahamat ya maimaita. Irin wannan barazana rabinta ciniki ne, neman kuɗi da kayan aiki da girmamawa. Ita Nijar a ƙarshen Maris 2025 ba ta tsaya ciniki ba, ta ce ta fita, za ta mayar da ƙarfinta ga tsaron rijiyoyin mai da bututunsa.

Kafin a kira wannan cin amana, a yi adalci a tuna abin da ya gabata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Shugaba Bazoum na Nijar, ECOWAS ƙarƙashin shugabancin Najeriya ta yi barazanar shiga da ƙarfin soja, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga nan. Kowa a Sakkwato ya ga layin manyan motoci a hanyar Illela, kaya na lalacewa a rana, direbobi suna kwana a ƙarƙashin mota. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wanda shi kansa tsohon janar ne da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a waje, yana cikin tawagar Janar Abdulsalami da ta je Yamai neman sulhu. Ba a yi yaƙin ba, alhamdu lillahi, kuma Najeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar a Maris 2024. Amma sojan da aka ce jiya za a kawo wa hari, da wuya ya buɗe maka taswirarsa yau. Daga nan Nijar ta kori sojojin Faransa, na ƙarshe suka fita a Disamba 2023, a watan ne ita da Burkina Faso suka bi sahun Mali wajen barin rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Sahel biyar da ake kira G5 Sahel, sojojin Amurka kusan 1,000 suka bar Yamai da Agadas a 2024, sannan ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairu 2025. Ficewa daga rundunar Tafkin Chadi ƙarshen wannan jeri ne, ba farkonsa ba.

Duk da haka, in ka tambaye ni ra'ayina, na ce kuskure ne, kuma Nijar za ta biya kuɗinsa kamar yadda za mu biya. Korar Faransa magana ce daban, tsakanin ƙasa da tsohuwar uwargijiyarta, ina fahimtar zafin da ke ciki. Amma Najeriya da Chadi ba baƙi ba ne da suka tsallako teku. Bututun man da ake son tsarewa ma, ɗan ta'addan da zai fasa shi ta iyakar da aka daina gadi tare zai biyo.

Game da ku mutanen Tangaza, ga abin da ya kamata ka gane. Rundunar Tafkin Chadi ba ta taɓa gadin iyakar Sakkwato ba, fagenta yana can gabas, tafiyar yini guda da wani abu a mota. Don haka ficewar ba ta cire soja ko ɗaya daga Gudu ko Illela ko Sabon Birni ba. Abin da ya shafe ku shi ne tsamin dangantakar da ficewar ta zama alamarsa. Iyakarmu da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, yawancinta fili ne fetal, babu kogi babu dutse, mai babur zai karya kumallo a Najeriya ya yi sallar walha a Nijar bai ga jami'i ko ɗaya ba. Babu rundunar da za ta iya toshe wannan ita kaɗai. Ana riƙe irin wannan iyaka ne da abu mai arha: kyaftin ɗin da ke wannan gefe yana da lambar takwaransa na wancan gefe, in ya kori mutane suka tsallaka sai ya kira ya ce ga su nan tafe, babura kaza, ku tare. Ranar da aka ce wa ɗayansu daga sama kada ka ƙara ɗaukar wayar, iyakar ta zama mafaka, ɗan bindiga ya yi ɓarna a nan ya je ya huta a can. Hedikwatar tsaron Najeriya da kanta, lokacin da ta fito ta yi maganar 'yan bindigar Lakurawa a Nuwamba 2024, ta danganta ƙarfin da suka yi da tsayawar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin Nijar. Iyayenka sun san mutanen nan sun daɗe a dajin kafin 2023, ba juyin mulki ne ya haife su ba, amma bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga.

Ba a rasa masu ƙoƙarin ɗinkewa ba. A Agusta 2024 Janar Christopher Musa, wanda a nan Sakkwato aka haife shi, lokacin yana babban hafsan tsaro, ya je Yamai ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou, suka sa hannu a kan komawa aiki tare. Wata huɗu bayan haka shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tchiani, ya fito a talabijin da harshen Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa ƙasarsa, Najeriya ta musanta, aka koma gidan jiya. Haka abin yake tafiya, sojoji su ɗinka, siyasa ta farke. Kuma ƙasar da ta fita daga ƙawance ba ta rasa hanyar aiki da maƙwabcinta, ana iya yin yarjejeniya tsakanin ƙasa biyu ba tare da tambari ko hedikwata ba, wani lokaci ma ta fi aiki saboda babu dogon taro.

Saboda haka in ka koma majalisa, ku rage sauraren sanarwar da ake karantawa a talabijin ɗin Yamai ko Abuja, ba a nan ake gane gaskiyar ƙawance ba. In ka je gida hutu, tambayi masu zuwa cin kasuwar Ƙonni ko har yanzu suna ganin motocin sojan ƙasashen biyu suna tsayawa a bakin iyaka ana gaisawa. Tambayi makiyaya ko an taɓa kama shanun sata a can aka maido su nan tun bara. Ka kuma gaya wa su Malam su riƙa lura da sansanin da ke kusa da su: in suka ga an sauke eriya, ko an ɗora janareta a mota, ko mai kai musu itace ta ce sun rage saye, kada su jira sanarwa, su je wurin hakimi tun da rana a tambayi wa zai maye gurbin.